Inda Ya Saka Ragarsa

"To ka faɗa musu mi wannan layin ke yi mana," na ce masa.

"Aiki yake yi," ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Muna shagon cajin waya na yayana a Yelwa, mu biyu, muna tsara zaman koyo na ranar Asabar. Shi abokina ne, ɗan masunta daga bayan Warra, shi ya rubuta mana filogin, wato ɗan ƙarin da ke fassara saƙon kuskure zuwa Hausa a manhajar da muke rubuta kod na kwamfuta. Da filogin ɗin 'yan ƙungiyarmu ta masu koyon kod suka koyi aiki. An daina kula da waccan manhajar, kowa ya koma sabuwa, filogin kuma ba ya hawa kanta. Ga shi abokin nawa ya samu aiki a Legas, Lahadi zai tafi.

Tsarina mai sauƙi ne: ya buɗe tsohon kod, ya bayyana, mu kwashe shi tare zuwa sabuwar manhaja, ko bayan tafiyarsa wani ya iya gyarawa. Na aro benci daga makarantar Islamiyya, Inna ta yi alkawarin kunun zaƙi.

Amma kod ɗin nan babu bayani ko layi ɗaya. Na yi masa tsiya: "Kai Sarkin Ruwa, sirrin tsafi ne?"

Ya yi dariya. "A gidanmu ko ƙanenka ba ka gaya wa inda ka saka raga. Baba ya taɓa marina kan haka."

Na ɗauka wasa ne.

Asabar mutane suka cika shago. Ya zauna, yatsunsa na gudu, mu muna kallon ƙeyarsa. Wata ɗaliba ta tambaye shi dalilin canza wani wuri, ya ce, "Haka dai ake yi." Ba rowa ba ce, bayanin ne bai saba yi ba. Kafin la'asar benci ya koma rabi, kunu ya huce a bokiti. Ya kwashe rabin aikin zuwa sabuwar manhaja, sauran ya ce sai ya natsu.

Ya tafi. Saƙona na ƙarshe har yau bai buɗe ba. Sababbin da ke zuwa yanzu, kuskure ya fito musu da Turanci, su rufe kwamfuta.

Ku da kuka taɓa shirya irin wannan zama, ya ake sa mutum ya koyar da abin da aka raine shi a kan ɓoyewa?