Farin Ratsi a Tutar Modibbo

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. A ranar Talata, 14 ga watan Yuli na shekarar 2009, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Alhaji Safiyullahi tela, wanda duk Bukan Sidi ta fi sani da Modibbo Mai Tuta, bayan gajeruwar jinya. An sallace shi bayan Azahar a ƙofar gidansa, muka kai shi makwancinsa ana yayyafi. Ni Zakiyyu, abokin aikinsa a shago ɗaya, ni na yanka likkafaninsa.

Modibbo, mutane sun faɗi alherinka a zaman makoki, sun kuma faɗi gaskiya. An ambaci marayun da kake ɗinka wa kayan Sallah kyauta, an ambaci yadda ka rufe masallacin unguwa da kwano a lokacin da ɗakinka ke yoyo. Na bar musu wannan. Abin da ya hana ni sakat tun ranar Talata shi ne jiran da ka yi wa abokinmu Tyav, ka yi ta jira har ka bar duniya ba ka ga shigowarsa shago ba.

Mu huɗu muka buɗe shagon nan a ƙarshen 1996, lokacin da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa, Lafiya ta zama babban birni. Kowane ofis da kowace makaranta na neman tutar ƙasa, kai kuma ka hango abin da sauran teloli ba su hango ba. Kai ne mai yanka, Baballe mai guga da karɓar baƙi, ni mai rubutu da ado, Tyav kuma mai haɗi. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka haɗa yadi da yadi wasa ne, amma tuta a iska take kwana, a iska take wuni, kuma daga wurin haɗi take fara yagewa. Tyav yakan ninka bakin yadin ya bi shi sau biyu, har ruwan Agusta ya gama dukan tutarsa ba ta buɗe ba.

Kai Bafulatani ne daga wata ruga ta bayan Assakio, wanda 'yan uwansa ba su daina yi masa tsiyar ya ajiye sanda ya ɗauki allura ba. Shi kuma ɗan Tibi ne daga wani ƙauye kusa da Obi. Wasan da ke tsakanin ƙabilunku ba ku taɓa barinsa ya huce ba. Kowace safiya kafin ka cire takalmi sai ka ce, “Tyav, ina saniyar kakana?” Shi kuma ba ya ɗago kai daga keke, sai ya ce, “Mun cinye, Modibbo. Ya yi daɗi, kawo wani.” Ni da Baballe mun ji wannan har mun haddace, amma ku biyu kullum dariya kuke yi kamar yau aka fara faɗa.

Sai daminar 2001 ta zo da rikicin da duk mutanen kudancin jihar nan suka sani. Ba zan tayar da shi ba. An kashe Akaa, ƙanin Tyav, a gonarsu, labari ya iso Lafiya, gari ya ɗauki zafi a kan 'yan Tibi. Ba ka yi shawara da kowa ba, ka je ka kwaso Tyav da matarsa Rosaline da yaransu, ka sa su a ɗakin matarka Usaina, ka shimfiɗa buzu a zaure ka zauna da Alƙur'aninka. Da wasu samari suka zo suna tambayar su waye a ciki, ka ce musu baƙinka ne, wanda zai shiga sai dai ya taka ka ya wuce. Da abin ya lafa ka raka su tasha, ka shiga motar tare da su, ba ka sauka ba sai a Makurɗi. A can ne Tyav ya ce maka, “Ka riƙe mini keke na, zan dawo.”

Ka riƙe wannan magana fiye da yadda shi mai maganar ya riƙe ta. Kekensa na nan a gefen taga, ka lulluɓe shi da farin yadi, kowace Juma'a da safe ka buɗe ka zuba masa mai, ka taka shi kaɗan, ka mayar da rufi. Aiki ya yi mana yawa. Baballe ya kawo teloli har ya gaji, kowanne ka ba shi shayi ka sallame shi da daɗin baki. Ka ɗora wa kanka aikin haɗi a kan yanka, kuma tsakani da Allah, Modibbo, haɗinka bai kama ƙafar nasa ba, kai ma ka sani. Taurin kanka ya sha ba ni haushi, na kuma sha faɗa maka a gaban idonka.

A 2003 Allah Ya kira ka aikin Hajji. Sauran alhazai sun dawo da dabino da agogo, kai ka dawo da labarin tuta. Ka ce a Madina ka ga wani dattijo yana jagorantar mutanensa da 'yar tuta a kan sanda don kada su ɓace a cikin taro, gefenta ya farke. Da yake ba ka rabuwa da allura da zare ko a gaban Ka'aba, sai ka roƙe shi ya ba ka ka gyara. Kana ɗinki kuna hira da ɗan Larabcin da ka samu a makarantar allo, ya gaya maka su mutanen Komoros ne, ƙasar tsibirai a Tekun Indiya. Ka ƙirga taurarin tutar, ka ce ashe tsibiranku huɗu ne. Ya ce uku ne a hannunsu, na huɗun ya zaɓi zama da Faransa tun lokacin karɓar 'yanci. Ka tambaye shi me ya sa ba su cire shi daga tutar ba. Dattijon ya dube ka ya ce, idan an cire, ranar da ya juyo ina zai tsaya?

Ko hutawar tafiya ba ka gama ba ka tattara ragowar ƙyallaye ka ɗinka irinta. Ratsi huɗu ne a kwance: rawaya a sama, sai fari, sai ja, sai shuɗi a ƙasa, kowanne na tsibiri ɗaya. Daga gefen sanda akwai kore mai kusurwa uku da ya shiga cikinsu, a cikinsa farin jinjirin wata da fararen taurari huɗu a jere. Koren da watan, in ji ka, na addinin Musulunci ne da ya haɗa mutanen. Farin ratsin shi ne na Mayot, tsibirin da bai zo ba. Ka rataye ta a bango daidai saman keken Tyav, mu kuma ba mu tambaye ka dalili ba, domin ba yara ba ne mu.

Masu tambaya su ne baƙi. Wani ya ce ta sabuwar jam'iyya ce, wani ya ce ta ƙungiyar ƙwallo ce. Duk wanda ya yi kuskuren buɗe baki sai ka ajiye almakashi, ka ɗauko ma'auni ka shiga nuna masa ratsi ɗaya bayan ɗaya, kana kiran sunayen tsibiran da harshenka na Fillanci ke karyawa. Na ga direban da ya zo karɓar tutar ma'aikatarsu ya tsaya yana sauya ƙafa har fasinjojinsa suka biyo shi shago. Kai da ba ka taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, ka zama jakadan Komoros a Bukan Sidi ba tare da sun sani ba. Idan ka iso kan farin, muryarka takan sauka, ka ce, “Wannan na wanda bai dawo ba tukuna.”

Kowace babbar Sallah kakan ɗauki cinyar rago ka kai wa Tyav Makurɗi. Kakan dawo da doya da alkawari: bayan damina, bayan Kirsimeti, bari yara su gama makaranta. Mun san dalili. Ba ya iya bin hanyar da ta ratsa ta wajen gonar ƙaninsa. Na ce maka ka ba shi labarin tutar mana, ko zuciyarsa za ta motsa. Ka ce a'a, ba ka son ya dawo saboda kunyarka, ka fi son ya dawo don ya ji zai iya.

A watan Maris na bana rediyo ya kawo labarin cewa mutanen Mayot sun sake jefa ƙuri'a, sun ƙara zaɓen Faransa. Baballe ya ajiye dutsen guga ya ce, “To Alhaji, ka ji da kunnenka. Tsibirin naka ya ce ba ya zuwa. Sai a ba wani keken nan.” Ka ci gaba da yanka, can ka ce, “Sun ce an cire farin daga tutar?” Baballe ya ce ba su faɗa ba. Ka ce to a bar keken.

Da ciwo ya kwantar da kai, na ce bari in kira Tyav. Ka hana. Ka ce ba wani abu ba ne, kada a taso da shi a firgice, in zai zo ya zo da ƙafarsa a sake. Wannan hanin naka, Modibbo, har gobe ban huce ba.

Ranar Talata, kafin a gama yi maka wanka, na buga masa waya. Yana gona, 'yarsa Iveren ce ta ɗauka. Tana ƙarama suka bar Lafiya, a Makurɗi ta yi wayo. A wurinsu idan babba ya mutu akan ajiye shi, dangi su taru su zauna, a sa ranar binnewa nan da makonni. Sai ta ga ba ta da dalilin ta da hankalin tsoho a tsakiyar gona. Ta bari ya dawo da yamma, ya yi wanka, ya ci abinci, sannan ta gaya masa. A lokacin mun daɗe da dawowa daga maƙabarta.

Da safiyar Laraba muna zaune a ƙofar gidanka, wani mai babur ya sauke wani dattijo mai furfura, rungume da ƙunshi. Sai da ya yi magana na gane shi. Ya ce, “Zakiyyu, yarinya bai sani ba. Ya ɗauka irin namu ne.” Ya kwance ƙunshin, sai ga saƙin Tibi mai ratsin baƙi da fari, irin wanda suke kaiwa a rufe babban mutum da shi. Ya ce, “Na san ku ba a binne ku da wannan. Amma abeg, don Allah, ba zan zo wurin Modibbo hannu banza ba.” Hizbullahi, babban ɗanka, ya miƙe ya karɓa da hannu biyu ya shiga da shi wurin mahaifiyarsa, muka ji kukan Usaina ya tashi daga cikin gida.

Ya ce a kai shi ya gan ka. Na kai shi. Ƙasar tana nan jiƙe, ba suna, ba alama, sai da na ƙirga daga bakin hanya na nuna masa. Ya cire hularsa ya durƙusa, ya daɗe yana magana da yarensa, ban ji ko kalma ɗaya ba sai sunanka. A hanyar dawowa ya ce mu biya shago. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon bangon da ke saman kekensa, ya ce tutar wace ƙasa ce wannan. Ni da na sha jin bayanin nan har ya gundure ni, na buɗe baki na fara daga rawaya. Da na iso farin, sai na tsaya a nan. Baballe ne ya ƙarasa masa, yana share ido da gefen riga. Tyav ya zauna a ƙasa, a kan tarin ƙyallaye, ya rufe fuskarsa.

Da muka koma gida ya nufi bencin da masu zuwa gaisuwa ke zama. Hizbullahi ya kama hannunsa ya ce, “Baba Tyav, ba nan ne wurinka ba.” Ya kai shi kan tabarmar masu karɓar gaisuwa, ya zaunar da shi tsakanin ƙannenka da suka zo daga ruga. A nan ya zauna har aka yi addu'ar uku. Malamai da 'yan kasuwa da Fulanin Assakio suna zuwa suna miƙa masa hannu, suna ce masa ya haƙuri, yana amsawa yadda ya ji muna amsawa. Ban tambaye shi ko zai zauna a Lafiya ba, shi ma bai faɗa ba.

Ya Allah, ga bawanKa Safiyullahi ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya tsare baƙinsa a ranar tsoro, Ka tsare shi a ranar da babu mai tsaro sai Kai. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ka kyautata namu ƙarshen idan ya zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Usaina, da Hizbullahi da Ikilima da ƙannensu, da 'yan uwansa na rugar Assakio, da Baballe, da dukan mutanen Bukan Sidi. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Ina kuma miƙa ta ga Tyav da iyalinsa, kada Iveren ta ɗora wa kanta laifi, haka Allah Ya tsara.

Ya dawo, Modibbo. Da kwana ɗaya ya rasa ka.