Langar Maman Azi

A shekarar da rikici ya raba Jos aka sa dokar hana fita, ina ɗan aji biyar, wata langa mai zanen fure ta maƙale a gidanmu a Anguwan Rogo. Ta maƙwabciyarmu ce, Maman Azi. Duk Kirsimeti takan aiko ɗanta Azi, abokin wasana, da shinkafa, Innarmu kuma ta rama da naman layya, kuma ba a taɓa mayar da kwano wayam ba. Ana saura 'yan kwanaki rikicin, ta aiko mana da gwate a langar. Kafin Inna ta samu abin sakawa, sun kwashe kayansu sun koma Anguwan Rukuba.

Inna ta wanke langar, ta sa na kankara "ta Maman Azi" da ƙusa a gindinta, da ajamin da nake koyo a makarantar allo. Takan ce, "Kayan mutane ne, kada a ci a ciki."

Da sanyi ya kankama, ranar wata Asabar bayan sallar asuba, na cika langar da masa na ɗaure da ɗankwali, na sulale. Titi ba ya biyuwa, don haka na bi ta duwatsun bayan unguwa, inda muke harbin ƙadangaru da Azi. Ban taɓa hawansu ni kaɗai ba. Dutsen ya yi sanyi kamar ƙanƙara, yatsuna suka ƙage, silifas ɗina ya tsinke a wani tsagi. Na rungume langar a ƙirji saboda ɗuminta, ina hawa ina salati. Da na kai ƙololuwa iska ta kusa ture ni. Ga Anguwan Rukuba shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano iri ɗaya har iyakar gani, ni kuwa ban san ko wanne ne nasu ba. Na ƙwala kiran Azi har muryata ta dushe. Can na zauna na yi kuka, masar ta sandare, na juyo gida. Inna ba ta doke ni ba. Ta gasa mini ƙafa da ruwan zafi, ta mayar da langar saman kabad, inda ta zauna har Allah ya karɓi ranta.

Bara na tsayar da keke-napep a unguwar Ali Kazaure, direban ya leƙo ya ce, "Kai, Sabo mai kunnen zomo! Har ka zama malam?" Azi ne. Na tambaye shi labarin Mamansa, ya ce ta rasu tuntuni.

Washegari na kai masa langar cike da masa mai zafi. Ya juya ta yana shafa zanen, ya ce, "Har ta mutu tana cewa Innarku ba za ta riƙe mata kwano ba, sai dai rashin hanya."

Yaran yanzu a leda ake ba su abincin maƙwabta, ba abin da zai mayar da su ƙofar wani. Azi ya cinye masar nan tas a cikin kekensa, ya tafi da langar gida. Allah ya jiƙan Inna, na sauke mata nauyi.