Gaisuwar Da Na Hana A Challawa

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar wata Talata, mu uku ne a ofishina a wani kamfanin jima da ke Challawa: ni shugaban sashen tantance fata, da wani dattijo da ya daɗe yana wannan aiki, da wata malamar jami'a da ta zo bincike kan yadda damuwa ke shafar tunanin ma'aikata. Har in mutu ba zan manta da wannan safiya ba.

Takardar sallamar dattijon tana gabana. Mutumin da ke shafa fata sau ɗaya ya faɗi darajarta, mako uku ke nan yana jefa mai huji cikin masu kyau. Na riga na bi abin daki-daki. Da farko na sa aka duba idonsa, lafiya lau. Na biyu na sauya ƙwan fitilar teburinsa. Na uku na yi masa faɗa, abin ya ƙaru.

Malamar ta ce, "Yallaɓai, me ya sauya a nan mako uku da suka wuce?"

Na ce babu, sai dokar da na kafa: da an busa jiniyar fara aiki, ba gaisuwa. Minti goma ma'aikata ke ɓatawa wajen tambayar gida da iyali.

Dattijon ya yi murmushi. "Oga, ai a gaisuwar nan muke sauke kaya. Mai ɗakina tana asibiti. Da, kowa zai ce ya mai jiki, in amsa, in kama aiki. Yanzu hannuna na kan fata, ni kuwa ina gefen gadonta."

Abin ya ɗaure min kai. A sanina ido ke tantance fata, ina ruwan zuciya? Malamar ta ce in damuwa ta cika hankali, aiki ba ya samun wurin zama a ciki.

Ban yarda nan take ba. Na ajiye takardar, na janye dokar na mako guda in gani. Washegari ni na fara: "Baba, ya mai jiki?" Ya ɗago kai ya ce da sauƙi. Ranar Juma'a na bi fatunsa ɗaya bayan ɗaya, ban sami kuskure ba. Na yaga takardar.

Saura ƙiris in kori mutum a kan dokar da ni na kafa. Kai da ke da mutane a ƙarƙashinka, ina roƙonka: kafin ka tambayi aiki gobe, fara tambayar gida, kuma ka tsaya ka ji amsar.