Ranar da Zailani Ya Ba Kare Ajiyar Nama

Duk Bahaushen da ya shekara a Dubai ya san Malam Zailani, in ma bai san sunansa ba ya san tsohuwar a-kori-kurarsa. Mutumin Fagge ne, shekararsa goma sha huɗu yana ɗaurin kwali a wani shagon kargo a Al Buteen. Da wannan yake ci. Aikin da ya ɗora wa kansa kuwa shi ne kai saƙo. 'Yan kasuwa su sauka daga Kano da ƙullin daddawa, da kuka, da wasiƙun tsofaffin da ba su yarda da waya ba, su zube masa. Ranar Asabar ya loda, ya bi ɗakunan ma'aikata a Al Warsan, ya miƙa har gonakin Hatta cikin duwatsu. Ladansa kofin shayi da hira, kuma hirar ta fi masa shayin daɗi.

Dokarsa biyu ce: ba ya buɗe saƙo, ba ya kuma ba wani ya miƙa, sai hannu da hannu. Abin tsoronsa kuwa ɗaya, kare. Ko daga nesa ya hango shi sai ya tattare riga, yana mitar wankin najasa sau bakwai.

Cikin sanyin Janairu aka kawo masa wani kwali mai nauyi, saƙon wata dattijuwa Ummi Kulsum zuwa ga ɗanta Mu'awiya, mai kiwon awaki a can ƙarshen Hatta. Zailani ya san labarin. Mu'awiya ya taho ne ba da yardarta ba, shekara biyu ke nan ba ta ɗaga wayarsa. Wanda ya kawo kwalin ya ce babu wasiƙa a ciki, gero ne da kayan miya da gwangwanin dambun nama. Abin da ta ce kawai shi ne, “Ya ɗanɗana, zai gane.”

Ranar an yi ruwa, irin ruwan ƙasar nan da ba ya zuwa sai ya zo da ɓarna. Zailani ya iso gindin dutse ya tarar ruwa ya cinye hanyar mota. Ya kira Mu'awiya.

“Baba, wallahi ba zan iya saukowa ba,” in ji Mu'awiya. “Akuyoyi uku ke naƙuda, maigida ba ya nan. Amma bari in turo maka Dogo, shi ke jawo mini ciyawa.”

“Wane ne Dogo?”

“Karena ne.”

Zailani ya yi salati. Kafin ya gama, ga wani siririn kare ya gangaro yana jan rabin jarka da igiya, tana ƙara a kan tsakuwa. Ya tsaya, ya shinshina iska, ya kafe kwalin da ido.

Nan fa ake yinta. Gwiwar Zailani ba ta iya hawan dutse da kaya. In zai cire dambun ya riƙe, sai ya buɗe saƙo, abin da bai taɓa yi ba. In kuma ya ce zai koma da shi gari, ai yaron nan ya jira shekara biyu. Kowa ya san ba a ba kura ajiyar nama, to ga shi yau zai ba ƙaninta.

Ya miƙa hannu daga nesa ya jefa kwalin cikin jarkar, ya ɗaure. “Kai Dogo, amana ce. Yalla, shwaiya shwaiya!” Wato a Larabce, mu je, a hankali a hankali.

Ina! Dogo ya ja kaya a guje, ya sha kwana, ya ɓace. Zailani ya bi sawun jarkar yana haki, hula a hannu, iska mai sanyi tana shiga masa har ƙashi. Tsoro ya kama shi sosai. In karen nan ya cinye dambun, da wane baki zai gaya wa Mu'awiya cewa ya kawo masa sulhun uwarsa, kare ya lashe a hanya?

Da ya iso ƙofar gonar sai ya ga Dogo a zaune, miyau na ɗiga ƙasa, kwali ko ƙwarzane babu. Mu'awiya yana tsaye gefe, hannu a baya.

“Me ya hana ka ɗauka?”

“Na san dokarka, Baba.”

Zailani ya sunkuya ya ɗauko, ya sa masa a hannu. Mu'awiya ya buɗe gwangwanin, ya kai ɗan kaɗan baki. Sai hawaye.

“Ba saye ta yi ba,” in ji shi. “Hannunta ne. Ita kaɗai ke cika kanumfari haka, don ta san ina so.”

Nan take ya danna lambarta. Ko sau biyu ba ta yi ƙara ba aka ɗauka, Zailani ya jiyo muryar tsohuwa tana cewa, “Ya yi gishiri?”

Ya ja gefe don ya ba su wuri, ya zauna a kan dutse yana goge ido da hula, wai iskar ce. Dogo ya zo ya kwanta kusa da ƙafarsa, bai tattare riga ba.

Tun daga ranar, in ya loda mota ranar Asabar, akwai wani ƙullin ƙashin rago da ba kowa ya aiko ba. Wanda ya tambaya na waye, sai ya ce na wani abokin aikinsa ne a Hatta, kuma shi ma hannu da hannu yake ba shi.