Farar Saniyar da Ta Tare Hoton Baba

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin ina malamin gona a Kazaure, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, kowane ma'aikaci na rawar kai da rediyo da agogo, ni kuwa sai na shiga Kano na sayo wata 'yar kyamara da ba ta fi tafin hannu ba. Ranar farko na ƙaunace ta. Ba ƙafafu, ba baƙin ƙyalle a lulluɓe kai irin na masu hoton kasuwa, ka jefa ta a aljihun kaftani ka hau babur, in ka ga abu ka danna, ƙyas, shi ke nan. Fim ɗin na hoto goma sha biyu ne.

Na farko na ware wa mahaifina a Babura, wanda bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Sai da na yi ta magiya, ga jikinsa ya fara yin rauni, sannan ya sa farar rigarsa ya zauna a kan buzu, ya ce sau ɗaya, kada in ƙara.

Bayan kwana uku ina dawowa daga duba gonakin gyaɗa a wajen Roni, rana tsaka, na tarar da wani dattijo makiyayi yana shayar da shanu a rijiya gindin tsamiya. Cikinsu akwai wata farar saniya, fara sol, ban taɓa ganin irinta ba. Na yi sallama, na ciro kyamara, sai ya ɗaga sanda.

"Malam, ɗauki sauran duka, ban da farar nan. Ba tawa ba ce, kiwo aka ba ni, kuma masu ita ba sa so."

Na ce to, Baffa. Amma a raina na ce ƙauyanci ne, saniya ce fa, ba matar aure ba. Yana juya baya ya jawo guga, na danna daga bakin aljihu. Abin da ƙaramar kyamara ke koya wa mutum ke nan, sata.

Kafin in cinye fim ɗin in kai wanki, Allah ya yi wa Baba rasuwa. 'Yan uwana mata suka dame ni da zancen hoto, ni ma shi kaɗai nake jira. Da na karɓo a Kano, na buɗe ambulan a tsaye. Hoton rijiya ya fito tas, ga tsamiya, ga shanu, babu dattijo, babu farar saniya. Sauran goma sha ɗayan kuwa, tana cikin kowanne: a ofishinmu, a kasuwar Gwiwa, har a ƙofar ɗakina. A na Baba ta tsaya a gabansa ta rufe shi ruf, tana kallona, ba abin da ake gani sai hannunsa riƙe da carbi.

Na yi wa mai wankin hoton tas. Ya ce wataƙila na ɗora hoto a kan hoto ne. Na ce sau goma sha ɗaya? Kuma Baba da na ɗauka kwana uku kafin in ga saniyar fa? Sai ya turo mini ambulan ɗin da bakin biro, ya ƙi taɓawa.

Na koma rijiyar da fushina, mutanen wurin suka ce ta fi shekara bakwai da ƙafewa. Na leƙa, ƙasa ce da busasshen ganye.

Ni na yi laifi, na sani, amma me Baba ya yi? Yanzu jikokina in sun tambayi kamanninsa, hannu nake nuna musu. Don haka ku masu yawo da abin hoto a aljihu, in an ce muku kada ku ɗauka, ku mayar da shi, domin ba ku san wa ke da abin ba.