Rijiyar da ke ƙarƙashin filin rawa

Gwaggona Eularia ta yi aiki a gidan rawar da ya fi kowanne suna a tsibirin Ibiza tun ina yarinya har na fara furfura, amma duk shekarun nan ba ta taɓa ganin rawar da baƙi ke yi a cikinsa ba. Da hantsi take zuwa, bayan kowa ya watse, kafin rana ta take tsaka ta koma gida. Ni kuwa Allah ya yi ni da shegen tambaya, abin ya daɗe yana cina. Mutane na hawo jirgi daga bangon duniya don su kwana ɗaya a wurin, ita ga makullin ƙofar baya a aljihunta, amma ko leƙe.

"Gwaggo, wai ba kya son ki ga abin da suke yi ne?"

"Ina ganin abin da suka bari, Margalida. Ya ishe ni."

Kafin ya zama gidan rawa, gidan gonar kakanmu ne. An sauya masa suna a allunan talla ya fi a ƙirga, mu dai 'yan ƙauye har gobe Can Blaiet muke ce masa. A tsakar gidan akwai rijiya da itacen ɓaure. Kowace shekara in an gama girbi, a bakin rijiyar nan ƙauye ke taruwa da la'asar, ga mai sarewa ga ganga. Namiji zai kaɗa 'yan katakon kiɗa da ke hannunsa a gaban wadda yake so, ta fito ido a ƙasa, tana tafiya da ƙananan taku kamar ba ta taka ƙasa, shi kuma yana ta tsalle yana kewaya ta. A haka marigayi Vicent ya samu Gwaggo. Ta ce tsallensa ba wani kyau gare shi ba, tausayi ne ya sa ta aure shi.

A wurinmu babban ɗa namiji ke gadon gida da gona, don haka komai ya faɗa hannun mahaifina, Bartomeu. Shekarun da baƙi masu dogon gashi suka fara cika tsibirin, ya sayar wa wani Bafaranshe mai suna Didier, wanda ya mayar da gidan wurin rawa, shi kuma Baba ya buɗe shago a gari. Gwaggo ba ta yi masa faɗa ba. Washegari dai ta ɗauki guga ta tafi Can Blaiet kamar kullum, domin mahaifiyarsu ta sha gaya musu cewa in aka bar rijiya ba a jan ruwanta, idonta toshewa yake ta mutu. Didier ya farka ya ga mace cikin baƙaƙen kaya tana jan ruwa a tsakar gidansa. Bai ji yarenta ba, ba ta ji nasa ba. Da ya ga ba ta da niyyar dainawa, sai ya miƙa mata tsintsiya da makulli.

Duk tarihin gidan nan a bakin tsintsiya ta san shi, kuma ni na fi son nata a kan na 'yan jarida. Ta ce da farko sawun ƙafa kawai take tararwa a ƙasa, babu takalmi, sai furanni da guntayen kyandir. Bayan wasu shekaru ta fara share dugadugan takalman mata da suka karye da gashin tsuntsu mai launi, nan ta gane masu kuɗi sun gano hanya. Daga nan Turawan Ingilishi suka zo da usur. Akwai shekarar da ta tarar da kumfa har gwiwa, ta ɗauka wani ne ya yi niyyar taya ta wanke-wanke ya kasa. Daga baya sai wayoyi, fasassu da masu rai, suna ta kuka a ƙarƙashin kujeru.

"Kiɗan fa, Gwaggo? Ya sauya?"

"Ƙwarai. Da ɓauren nan sai na girgiza shi yake zubowa. Da suka kawo manyan akwatunan kiɗa, a ƙasa nake tsintarsa, ɗanye."

Da maƙwabta suka kai ƙarar hayaniya, hukuma ta ce a rufe saman wurin. Aka yi rufi, aka sare ɓauren, aka rushe bakin rijiyar aka shimfiɗa filin rawa a kanta. Gwaggo ta tsaya a kan magina har sai da suka bar mata murfin ƙarfe a tsakiyar filin. Mutanen ƙauye suka daina zuwa rawar girbi. Ita ba ta daina nata ba. Kowace safiya, damina da rani, ta ɗaga murfin da ƙugiya, ta ja guga ɗaya, ta sha, ta shayar da shukokin bakin ƙofa.

Sai wani kamfani ya sayi gidan, ya turo manaja daga babban yankin ƙasar, ƙetaren teku, wani saurayi mai fara'a, Gonzalo. Shi ya same ta tana naɗe igiya.

"Mama, murfin nan motsi yake in jama'a sun yi yawa. Ranar rufe kakar rawa ta bana, da yamma motar siminti za ta zo a cike ramin."

"Ba rami ba ne, ɗan nan. Rijiya ce."

"To rijiya. Ai akwai famfo."

"Ka taɓa shan ruwan famfon naku? Ko akuya sai ta yi tunani."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗarta, ya wuce. Ba mugu ba ne, kawai dai bai ji ta ba.

Ta je wurin Baba a shago ta gaya masa. Ya daɗe yana gyara gwangwanayen da ba su karkace ba, sannan ya ce, "Eularia, ai ba namu ba ne." Ta ce ta sani, ba ta zo don ya yi wani abu ba, ta zo ne don kada ya ji a bakin wani.

A hanyarmu ta komawa na sake jefa mata tsohuwar tambayata, don ni ba na gajiya. Wannan karon ta amsa.

"Da safe gidanmu ne, Margalida. Ina jin muryar Inna a wajen. In na je na ga suna tattaka kan rijiyar, ya zama nasu ke nan."

Tausayinta ya kama ni sosai.

Ranar rufe kaka ba a tashi daga rawa sai rana ta yi tsaka, shi ya sa a irin ranar Gwaggo kan bari sai yamma. Bana kuwa yamma ta motar siminti ce. In tana son ta ja gugan ƙarshe, dole ta shiga cikinsu. Da hantsi na tarar da ita ta sa kayan rawarta na 'yanmatanci, doguwar riga mai faɗi, ɗankwali, da sarƙoƙin zinaren mahaifiyarta a ƙirji.

"Gwaggo, biki za ki?"

"Sallama zan je yi. Riƙe mini ƙugiyar, ki rufe bakin nan."

Muka shiga ta ƙofar baya. Kiɗan a ciki nake jin sa, ba a kunne ba. Hasken rana na zubowa ta tagogin rufi a kan dubban mutane, sun yi jagab da gumi. Gwaggo ta tsaya tana kallo, ni kuma ita nake kallo, don abin da na yi shekaru ina jira ke nan. Sai ta sunkuyar da ido, ta kama tafiya da ƙananan takun nan. Ban sani ba ko da gangan ne ko rigar ce ta tuna mata. Jama'a suka dare. Samari suka ɗauka cikin shirin ne, suka kewaye ta suna tsalle. Ta matso kunnena.

"Maza na tsalle a kan rijiya, mata na yanga. Wannan ne abin da ake hawo jirgi a gani?"

Muka ɗaga murfin. Mai sa faifai ya rage kiɗa. Ta saki guga, muka ji ya taɓa ruwa, ta jawo shi sannu a hankali. Ta sha. Wata yarinya mai jan gashi, takalmanta a hannu, ta nuna bakinta, Gwaggo ta miƙa mata. Kafin ka ce me, layi ya kai bakin ƙofa, ga wayoyi a sama ko'ina. Ta yi ta ja har hannuwanta suka yi ja, ina roƙonta ta ba ni tana hana ni. Na hango Gonzalo a bene yana magana a waya. Da yamma motar siminti ta zo, aka mayar da motar ba a zuba komai ba.

Mun yi murna, har Baba ya rufe shago ya kawo mata busasshen ɓaure. Duk lokacin sanyi aka rufe gidan ana gyara, aka ce ta huta. Ba ta huta ba, kullum tana lissafin yadda rijiyar ke zaune ba a ja.

Da bazara Gonzalo ya aiko mota ta ɗauke mu. Ya tarye ta da runguma, ya ja ta har tsakiyar filin. Babu murfin ƙarfe. An shimfiɗa gilashi mai kauri a bakin rijiyar, an sa fitila shuɗiya a ciki, kana hango ruwan can ƙasa. A bango ga ƙaton hotonta riƙe da guga.

"Kin gani, Mama? Ke kika cece ta. Yanzu duk duniya ta san da ita."

Gwaggo ta durƙusa da ƙyar, ta bi gefen gilashin da yatsa har ta kewayo.

"Ta ina ake buɗewa?"

"Ba a buɗewa. Ko mota ta hau ba zai motsa ba."

Ta yi masa godiya, don ta ga da zuciya ɗaya ya yi. Ta zaro makullin ƙofar baya ta sa masa a tafin hannu. Muka fito a ƙafa, gugan da ta zo da shi yana hannunta, a bushe.

"Gwaggo, ai gara wannan da siminti," na ce, don in ce wani abu.

"Da siminti ne, da na yi kukana na gama," in ji ta. "Yanzu kullum za ta riƙa ganin gari ya waye, tana jiran guga."