Wutar da Ta Tashi Ba Ashana

Duk tsawon rayuwata ba zan manta da ranar da wuta ta tashi a cikin kwandona ba, alhali ko ashana babu a kusa.

Lokacin ina kiwon kaji a gidanmu na Tsiga. Malamin dabbobi ya ba ni wani baƙin gari mai ƙyalli a ƙunshin takarda, wai shi famanganet. Ɗan kaɗan nake barbaɗawa a bokiti, ruwan ya rine ya koma shunayya, in wanke mazubin ruwan kaji. Ragowar garin na jefa ta cikin kwando, inda kwalbar gilisarin ɗin da nake shafa wa kaushi take.

Wata rana da hantsi, tsohuwar Bamagujiyar da ke kawo mana daddawa ta zauna kusa da kwandon, muka yi ciniki ta tafi. Fitarta ke da wuya sai hayaki, sai wuta fuu! Muka kashe ta da ƙasa.

"Wallahi tsohuwar nan ce!" in ji maƙwabciyata. "Kada ta sake tako mana unguwa."

Kafin azahar magana ta zaga gari, mata suka daina sayen daddawarta. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai launin wutar ne. Tun ina yarinya nake hura murhu, ban taɓa ganin harshen wuta mai shunayya ba. Me ya haɗa shi da launin ruwan kajina?

Na kwashi tambayata na kai wa ƙanin maigidana, wanda ke koyar da kimiyya a Malumfashi.

"Yaya, me da me ke cikin kwandon?" ya tambaye ni.

Da na lissafa masa sai ya yi dariya, ya ce kwalbar ce ta yi yoyo. Ranar Juma'a ya tara mu a tsakar gida, ya sa kowa ya ja baya, ya haɗa abubuwan biyu a kan fasasshen kasko. Shiru, har maƙwabciyata ta fara taɓe baki. Can sai hayaki, sai ga wutar nan sak. Ya ce sinadarin fotasiyam da ke cikin garin ne ke ba ta wannan launi, ya kuma gargaɗe ni in raba musu wurin ajiya.

Washegari maƙwabciyar tawa da ƙafarta ta je har ƙauyen tsohuwar ta sayo daddawa.

Tun daga nan, in abu ya ɗaure mini kai, "me ya jawo?" nake fara tambaya kafin "wa ya yi?"